Telar da ta auna wuyan kowa ban da nata

Haihuwa da nasaba

An haifi marigayiya, wadda aka fi sani da Uwar Zare, a shekarar 1961, a gidan haya da ke bayan tashar mota. Mahaifinta makanike ne. Mahaifiyarta kuwa har ta koma ga Allah tana rufe maƙoƙon wuyanta da gyale, kuma babu mahalukin da ya gaya wa 'ya'yanta cewa wannan ciwo yakan bi jini.

Karatu da sana'a

Ta kammala firamare a 1973, ta koyi ɗinki, ta buɗe shagonta a 1981. Ta shahara da faɗin awon wuyan mutum da ido kawai, sannan tef ya gaskata ta.

Aure da iyali

Ta auri wani direba a 1983, Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu. Bayan haihuwar auta a 1994 ta fara ramewa alhali tana ci kamar gara, ga gumi ko a cikin sanyi, ga bugun zuciya, hannu yana rawa har zare ya ƙi shiga allura. Maigida ya ce gajiya ce, maƙwabta suka ce sammu ne, yara suka ce Mama ta cika faɗa. Kowa ya zama likita, amma ba a samu mutum ɗaya da ya ambaci asibiti ba.

Shekarun jinya

Da wuyanta ya soma kumbura, sai baiwar Allah ta ɗauki almakashi ta ƙara wa wuyan rigarta faɗin yatsa. Shekara goma sha huɗu tana wannan aika-aika! Duk wanda ya tanka sai ta ce, "Riga ce ta tsuke, ni lafiyata lau." A 2009 ta yanke jiki ta faɗi a kan keken ɗinki. Gwajin jini ya nuna maƙoƙon ne yake azalzalar jikinta, likita ya ce da an zo da wuri da magani ya riƙe shi, amma zuciya ta riga ta gaji. Haba, gwajin da bai kai ɗinkin riga ɗaya daɗewa ba!

Rasuwa

Ta rasu ranar Talata, a watan Maris na 2011, aka yi jana'izarta bayan la'asar. Allah ya jiƙanta. Ta bar 'ya'ya huɗu: babbar yaya da ta gaji shagon, malamin makaranta, kafinta, da auta.

Wata uku bayan nan auta ta kawo tata rigar shago a saki wuyan, wai ya matse ta. Yayar ta dube ta, ta ajiye almakashi, ta ɗauko kwaɗon shago, ta ce, "Tashi mu tafi asibiti. Rigar nan ba ta da laifi."