Yankan da Bai Kai Gaɓar Yatsa Ba

Na fara lura da wuyan 'yar kawuna ne ranar da take shan fura a rumfar kakarmu a Kebbe. Duk haɗiyar da ta yi, sai wani ƙulli kamar ƙwan zabo ya hau ya sauka. Shekararta goma sha ɗaya, ni sha huɗu, kaina cike da littattafan soyayya na haya. Da aka ce maƙoƙo ne, za a yi mata aiki a Sakkwato, har na tsara labarin: gadon asibiti, hawaye, matashin likita mai sanyin murya.

Kwana biyu aka sallamo ta. Suka yada zango gidanmu a Tambuwal, na ɗaga mayafinta ina neman ɗinki. Ɗan layi ne a lanƙwasar wuya, bai kai gaɓar yatsa ba. Kawu ya ce da 'yar kyamara aka leƙa aka cire abin gaba ɗaya, amma za ta riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum da safe, iya rayuwarta. Na ji kamar an cuce ni.

Kaka, da ta rako su, ita ma ta raina yankan.

"Wanga shi na aikin? Ko wanzami ya fi su hannu."

"Inna, likita ya ce kada ta fasa maganin," in ji kawu.

"Likitan da ya ji tsoron yanka? Ɗiya ta warke, ku bar ɗura mata ƙwaya kamar tsohuwa."

Kawu yana aiki a Tambuwal, yarinyar kuwa tana hannun kaka.

Da na koma Kebbe hutu da bazara, na tarar da yarinyar lulluɓe da zane biyu, kowa na zufa. Fuska ta kumbura, magana da ƙyar, barci har a aji. Kaka tana kiranta sarauniyar raggaye. Ni na yanke cewa so ne ya kama ta, har na tambaye ta ko wane ne. Ta dube ni ta yi hamma.

A hutun nan kaka ta aike ni ɗauko zane a kwalla, na ga kwalbar maganin cike a ƙasan kaya. Sai bayan mako uku na ambata a gidanmu, a cikin wata hira, kawu na wurin. Kawu ya ajiye cokali ya ɗauki makullin babur.

Ya ɗauko yarinyar, aka mayar da ita kan maganin. Ta maimaita aji, a gidanmu. Yanzu tana koyarwa a firamare a Sanyinna, 'ya'yanta biyu. In maganin ya kusa ƙarewa ba ta aiken kowa, da kanta take hawa mota.