Koren Fentin Da Na Ƙi Gogewa

Assalamu alaikum. A farkon shekarun da aka dawo da shari'a ni matashin bakanike ne a Daura, mai ƙaramin gareji da girman kai. Da aka yi gwanjon tsofaffin motocin soja, na sayar da shanun da na gada na sayo guda ɗaya. Da sarƙa aka jawo ta, don ko tari ba ta yi. Na sauke injin na wanke, na cire bencinan da sojoji ke zama, mai walda ya ɗaga mata bodi na ɗaukar dabbobi. Kayan gyaranta babu su a kasuwa, sai dai in ciro daga gawar irinta ko in kai a ƙera mini. Amma da ta tashi, duk tayoyinta ja suke yi, rairayin da ke kafe motoci tsakanin Babban Mutum da Mai'adua ita ko a jikinta.

Abu ɗaya na ƙi yi mata, shi ne fenti. Ubangidana da ya koya mini aiki ya sha gaya mini in goge koren fentin sojan nan, ya ce motar haya da jama'a take ci, ba da tsoronsu ba. Ni kuwa na riga na ɗanɗana daɗinsa. In na taso, masu babura su kauce, masu amalanke su faɗa gona, ni ina bisa ina hura hanci kamar na taɓa zuwa yaƙi.

Wata ranar kasuwa da damina na ɗauko ragunan mutane, amana, zan kai Mai'adua. An yi ruwa da safe, na shiga wani kwari da gadara, sai ƙasa ta zame, motar ta nutse har ciki. Ruwan tudu kuma ya fara gangarowa yana ƙaruwa. A ƙauyukanmu in mota ta kafe, kafin ka sauko an taru da fatanyu da itace. Ga gari ina hangowa, na danna ham har na gaji, ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Ruwa ya kusa taɓa inji, raguna suna ta kuka, ni kuma hankalina ya tashi, don dukiyata da ta mutane duk suna cikin kwarin nan.

Na ruga garin a ƙasa, jiƙe da taɓo. Ina sallama ana rufe ƙofa. Allah ya taimake ni wani dattijo ya shaida ni, don na taɓa gyara musu injin niƙa. Ya ce tun ɗazu suna kallona, amma sun ɗauka kame aka zo yi, wasu samarin ma sun shige cikin gero. Ya ce ai ni ne mai tura su gona da amalankensu. Kunya ta kama ni, sai haƙuri nake ta bayarwa. Dattijon ya sa aka fito da shanun huɗa. Aka sauke ragunan ɗaya bayan ɗaya, aka haƙe tayoyi, aka ɗaura sarƙa, shanu da mutane suka fizgo ta. Ko rago ɗaya bai salwanta ba.

A makon na kankare koren nan da hannuna, na shafa mata shuɗi da rawaya. Ubangidana ya zo ya kewaya ta, ya yi murmushi. Tana nan har yau tana aiki, kuma da damina mutanen garin nan ni suke kira in suna da marar lafiya, don ita kaɗai ke ƙetare kwarin.

'Yan'uwana masu sayen irin waɗannan motoci, ku gyara inji, ku duba birki, amma ku fara da fenti. Na ji daɗin a riƙa guduna, sai ranar da nake neman wanda zai matso kusa da ni na rasa.