Kyaftin Ilu da Igiyar Harshe

Duk wanda ya san marigayi Kyaftin Ilu na Masanawa ya san ba ya wuce igiya bai taɓa ta ba. Ta guga ce, ta shanya ce, ta ɗaurin akuya ce, sai ya tsaya ya murza ta da yatsu, ya sansana, wani lokacin har ya ɗan gartsa mata haƙori, sannan ya kaɗa kai ya ce, "Wannan ta mutu, ba a gaya mata ba ne." Ko ta'aziyya muka je, ni ina ciki ana addu'a, shi yana waje yana binciken igiyar rumfa. Ni Sule tela, taubashinsa, na fi kowa shan kunyar wannan hali, don kullum ni ne a gefensa. To tunda kun dame ni da tambayar abin da jirgin ruwansa yake yi a ƙofar gidana, ni da ko a kududdufi ban yarda ruwa ya wuce mini gwiwa ba, da kuma dalilin da ya sa ɗansa Bashari bai mai da shi kwamin shanu ba kamar yadda ya yi niyya, sai ku gyara zama.

Ilu direban tifa ne a kamfanin da ya yi aiki a dam ɗin Guzuguzu. Da aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu, kamfani ya naɗe tabarmarsa, aka sallami ma'aikata, aka yi gwanjon kaya. Masu hankali suka kwashi fanka da firji da katifa. Taubashina kuwa ya dawo gida da ɗan jirgin shan iska na wani injiniya Bature, a kan amalankensa na ƙarfe mai taya biyu. Ba inji, ba komai, sai doguwar sanda da ƙaton ƙyalle da iska take turawa. Matarsa Ladi ta leƙo daga soro ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, wannan kwamin na shanu ne ko na mutane?"

"Jirgi ne, Ladi."

"To Allah ya sa ana dafa shi."

Mota babu, fetur ma sai mai rabo, don haka shanun nomansa biyu ya riƙa ɗaura wa amalanken. Haka za su taho daga Masanawa har bakin dam, shi yana zaune cikin jirgi a kan tudu, ya ɗaga kai, yara na bin sa suna "Kyaftin! Kyaftin!" Nan sunan ya samo asali, kuma wallahi bai taɓa jin haushinsa ba.

Ni ɗinkin ƙyallen ne ya ja mini. Na yi masa faci, sai ya ce in zo mu gwada. Na ce ni da ruwa sai a buta. Ya ce, "Kai Sule, ba abin da za ka yi. Nauyinka kawai nake so, ka zauna inda na ce don kada iska ta kifar da mu." Kun ji matsayina a jirgin nan fiye da shekara ashirin: buhu. Buhu mai salati, don tun daga tashi har sauka bakina ba ya rufuwa.

Abu biyu ne ran jirgin, kuma shi ya raɗa musu suna. Akwai harshe, wani faffaɗan allo da ke cikin siririn akwati a tsakiyar jirgi. In an shiga zurfi sai a sake shi ƙasa, shi ke hana iska tura jirgi a kaikaice. In za a fito gaɓa kuma a ja shi sama da igiya don kada ya caki laka. Sai jela a can baya, da ita ake juya kan jirgi, ita ma da tata igiyar ɗagawa. Waɗannan igiyoyi biyu su ne suka hana ni zaman lafiya.

Igiyoyin Bature sun ruɓe, irinsu kuwa a lokacin ko a Kano sai an sha yawo, Kyaftin kuma ba ya sayen abin da zai iya tufkawa. Ya fara da rama. Rama ta sha ruwa ta kumbura, harshe ya maƙale a ƙasa, muka wuni muna zagaya dam ba halin fitowa, ni ina ta yafe wa mutanen da ba su ma san sun yi mini laifi ba. Ya koma kaba. Kaba kuwa akuyarsa ta gano daɗinta, ta riƙa hawa jirgi tana ɗan lasa. Ran nan mun doshi gaɓa wajen duwatsu, iska na bayanmu, ya ja igiyar jela, ji kake ɓat! Ta tsinke a hannunsa. In ba a ɗaga jela ba dutse zai karya ta.

"Sule, zariyarka!"

"Zariyar me?"

"Ta wandonka mana, ko kana da wata?"

"Ilu, ka ji tsoron Allah! Ga mata can suna wanki!"

"Mata sun ga wando. Jela fa, a ina zan samo wata?"

Kafin in gama musu ya fizge ta, ya zura, ya ɗaga jela, muka sauka lafiya. Ni tela guda, mai shago a kasuwar Kabo, na fito daga jirgi na riƙe wando da hannu bibbiyu, masunta na kwance a ƙasa don dariya. Na ce to ba ni abata. Ya murza ta, ya sansana. Sai ya ce, "Kai, wannan tana da rai!" Ita ce igiya ta farko da na taɓa jin ya yaba, kuma don haka ya hana ni. Damina biyu ta yi tana ɗaga jela. Har yau akwai tsofaffin da in sun gan ni a kasuwa sai sun ce, "Tela, an dai ɗaure da kyau ko?"

Canjin igiyar jela wasa ne, don a fili take. Ta harshe ce mai wuya. Tana shiga ta wata 'yar kafa, ta bi ta kan wani ɗan kwarkwaro mai juyawa a can cikin akwati inda hannu ba ya kaiwa, sannan ta sauka ta kama allon. Dokar Kyaftin ɗaya ce: ba a zare tsohuwa sai an ɗinka sabuwa a bakinta. Ƙulli ba ya wuce kwarkwaron, sai ɗinki, baki da baki, sumul. Sai a ja tsohuwar a hankali ta jawo sabuwar ta bi hanyarta. Ɗinkin aikina ne, duk shekara kafin damina.

Wata shekara ya tafi Gwarzo sayen sabuwar igiya, don a lokacin ya haƙura ya koma ta roba. Ya bar ni da jirgi a gindin tsamiya. Na duba abin nan na ce, haba! Wando nawa na zura wa zariya a duniya? Wane irin ɗinki kuma, ai sai a sa tsinke a tura. Na kama tsohuwa na zare ta fit, na naɗe, na zauna ina jiran yabo. Da ya dawo ya ga igiya a hannuna, bai yi faɗa ba. Zama ya yi a ƙasa ya cire hula.

"Sule, wa zai nuna wa sabuwar hanya?"

Na sa tsinke, ya karye. Na sa waya, ta lanƙwashe. Na ɗaura wa ɗan ƙadangare zare na tura shi ta kafar, ya shiga ya yi zamansa, ina jin har yau jikokinsa na ciki. Daga ƙarshe sai rami muka haƙa a ƙarƙashin amalanken, don a sauke harshen gaba ɗaya ta ƙasa. Wa zai shiga ramin? Wanda ya zare. Ina kwance rigingine, tsohuwar laka na zubo mini a fuska, sai ga wasu mutanen Lakwaya za su wuce. Suka ga rami, suka ga ƙafafu a miƙe.

"Innalillahi! Kyaftin, wa aka rasa?"

"Ba kowa," in ji shi. "Tela ne yake koyon zariya."

Da aka ƙaddamar da Shari'a kuma bakina ne ya ja mana. Ni na riƙa cika baki a shago cewa jirginmu yana tafiya ko iska na busowa daga gabansa, ba inji ba tuƙi, sai wani sirri da ke ƙarƙashinsa. Magana ta zaga gari, ta dawo da cewa Kyaftin na da aljani a cikin akwati. Sai ga Malam Nasiru, matashin malamin Islamiyyar unguwarmu, ya zo har bakin dam cikin ladabi.

"Baba Kyaftin, ana ta maganganu. Na ce gara in zo in gani da idona kafin in ce komai."

"Madalla da kai, Malam. Bismilla, shigo ka gaisa da aljanin."

Muka shiga ruwa. Kyaftin ya ja igiya ya ɗage harshe, nan take jirgi ya fara zamewa a kaikaice kamar ƙaguwa. Ya sake shi, jirgi ya miƙe. Ya ɗage, ya sake, har Malam ya karɓi igiyar da kansa yana gwadawa yana dariya.

"Ashe katako ne!"

"Katako ne, Malam. Aljanin ga shi nan zaune yana salati, shi ya kai muku labari."

Da za mu rabu Kyaftin ya kai hannu ya murza zaren carbin Malam. Na yi ta ƙifta masa ido, ina! "Malam, wannan ya mutu, ba a gaya masa ba ne." Ba a rufa mako ba carbin ya tsinke a sahun gaba, muka bi 'ya'yansa muna tsinta har ƙofar masallaci. Tun daga nan Malam Nasiru ya zama ɗan jirgi.

Shekarar da ciwo ya kwantar da Kyaftin, ido ya tafi, sai ya aika a kira ni. Na tarar an shimfiɗa masa tabarma a ƙofar soro, an jawo jirgi kusa. Bashari na gefe, dama ya daɗe yana cewa in an cire sandar, kwamin ban ruwa ne mai kyau.

"Sule, igiyar harshe ta isa canji."

Na zauna na ɗinka sabuwa a bakin tsohuwa. Ya ce in miƙo, ya shafa ɗinkin da yatsu, ya ce, "Ja a hankali." Na ja, na ji ta hau kwarkwaro, ta wuce, sabuwa ta fito. Na ɗora masa tsohuwar a hannu. Ya murza, ya sansana.

"Ta mutu."

Na ce, "Ba a gaya mata ba ne," ina dariya.

"Ita kam. Ni an gaya mini, Sule."

Nan take na bar dariya. Ya juya wajen ɗansa ya ce, "Bashari, ka shaida, na ba Sule jirgi. Amma sai in ya shigar da shi ruwa da hannunsa. In ya kasa, ka ba shanu, uwarka ta yi gaskiya."

Na ce, "Haba Ilu, ni da nake buhu?"

"Shekara nawa ina ɗinka ka a bakina, kana zaton nauyinka nake so? Ai buhun masara ya fi ka nauyi, kuma ba ya ihu."

Bai ga damina ba.

Bayan an yi arba'in na ɗaura shanu. Gaskiya tsoro nake ji, amma na kasa jure tunanin saniya ta sa baki a inda yake zama. Bashari ya zo, Malam Nasiru ya zo, har Ladi ta yafa mayafi ta biyo mu, ita da ba ta taɓa zuwa bakin dam ba. Na ɗora buhun masara a wurin zamana na da, ni kuma na zauna a nasa. Na ja ƙyalle, iska ta cika shi, jirgi ya tashi. Ya tashi fa, amma a kaikaice! Ina murɗa jela, ina salati, yana ta zamewa da ni ya doshi ciyawa. Sai na jiyo muryar Ladi daga gaɓa, ta fi ta kowa ƙarfi:

"Saki harshe, Sule! Harshe!"

Ashe duk shekarun nan tana jin mu. Na kwance igiyar da na ɗinka a gabansa, allo ya sauka, jirgi ya yi ɗan girgiza ya miƙe sak, ya nufi tsakiyar ruwa. Na juya don in ce, "Ka gani ko?" Sai na ga ba kowa sai buhu. Ya yi shiru abinsa, kamar yadda aka ce zai yi. Nan na zauna a tsakiyar dam, tsoho da ni, ina kuka ina dariya, ba mai tsokanata.

Bashari ya sayi rabin duro ya ba shanunsa. Ni kuma ga shi yanzu ba na wuce igiya ban murza ta ba.

Allah ya jiƙan Ilu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Yadda bai tafi ba sai da ya nuna mini hanya, Allah ya sa ya tarar da tasa a buɗe, ya sauke shi a gaɓa lafiya. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.