Jan Tsumman da Na Goge Babur da Shi

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta daminar da masarar ƙanena ta ƙone ba. Labarin mantuwa ne, amma ni da nake taƙama da lafiyayyen kai na fi kowa shirme a cikinsa.

Ƙanen nawa yana da shekara talatin da biyu ya yanke jiki ya faɗi a gona, baki ya karkace, hannun dama ya saki. A asibiti a Funtua aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo ta. Ranar sallama likita ya zaunar da ni da matarsa, ya ce ko jiki ya warware, tunani da riƙe magana a ka suna iya daɗewa ba su dawo ba. Ita ta kasa kunne. Ni ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, hankalina yana kan takin da ban ɗauko ba.

Wata huɗu ya miƙe yana tafiya garau. Sai dai a aike shi ya dawo yana tambayar me aka ce, ko ya ɗauko zance ya tsaya a tsakiya yana kallon mutane. Nan likitocin majalisarmu, waɗanda ko allura ba sa iya kallo, suka kama aiki. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu. Wani ya rantse ƙwaya yake sha, wai ciwon tsofaffi me zai kai shi jikin matashi. Ni babban likitansu na yanke hukunci cewa lalaci ne. "Ya manta fartanya," na ce, "amma bai taɓa manta tuwo ba." Aka yi ta dariya har da tafawa.

Baffanmu ya ce idan ya kasa riƙe gonarsa ta gado a daminar nan, a damƙa mini ita. Ba zan ɓoye ba, gonar tana bakin fadama, na daɗe ina haɗiyar yawu a kanta.

Maganin feshi biyu na sayo mana, aka ɗura a jarkoki iri ɗaya: na share gona mai ƙone duk wani tsiro, da na cikin masara mai kashe ciyawa kaɗai. Matarsa ta yagi jan tsumma ta ɗaure wa mai ƙunar, kullum da safe tana nanata masa, "Mai ja, kar ka taɓa." Na ce mata ta mai da gidan ajin 'yan firamare.

Wata safiya zan tafi ɗaurin aure Malumfashi, babur ɗina duk taɓo. Na leƙa ɗakin ajiyarsu, na ga tsumma ɗaure a wata jarka, na kwance, na goge babur tas, na cusa shi a ƙarƙashin sirdi. Ina kan babur na ɗaga murya na ce wa ƙanena: "Kai, yau ka yi feshi, ciyawa ta cinye masarar nan!" Ya shiga ɗakin, bai ga ja ba, ya ɗauki wadda hannunsa ya kai.

Kwana uku, masarar da ta kai gwiwa ta zama kamar an bi ta da wuta.

Aka taru a ƙofar gidan Baffa. Na gyara hula na yi jawabi mai tsawo a kan amanar gonar iyaye. Ƙanena yana tsugune, yana ta maimaita magana ɗaya.

"Yaya, na duba. Babu ja."

"Babu ja?" na ce. "Kanka ne babu kowa a ciki!"

Sai ga matarsa ta fito daga zaure cikin hijabi. Ta durƙusa ta gaida Baffa, ta miƙe ta nufi babur ɗina, ta zaro tsumman da bakinsa ke leƙowa.

"Baffa, a tambayi Yaya inda ya samo wannan. Gefen zanena ne, da hannuna na ɗaure shi a jarka."

Likitocin majalisa kowa ya shiga binciken takalminsa. Baffa ya juya tsumman, ya dube ni.

"To, Malam likita, kai kuma wane ɓarin naka ne ya shanye?"

Gona ta zauna a hannun mai ita. Ni na sake huɗe ta na shuka masa wake, da kaka kuma aka raba masarata biyu aka kai masa rabi.

Bayan an gama girbi na same shi a gindin ɗorawa, na ce ya yafe mini maganar da na gaya masa a gaban jama'a. Ya daɗe yana kallona, yana lalube a ransa.

"Wace magana, Yaya?"

Ba wasa yake yi ba. Ciwon ya share masa zagin, ni aka bar wa shi, kuma yau shekaru ke nan bai dushe ba. Abin da na koya shi ne, don mutum ya miƙe da ƙafarsa ba shi ne ya gama warkewa ba. In ka ga 'yar alamar da mai jinya ya ɗaura, ko ba ka gane ta ba, ka janye hannunka, ka kuma kama bakinka.