Ranar Da Muka Kai Tsiryarmu Dutsen Hada

Ana sallame sallar asuba muka fito daga Nakkasa, unguwarmu a Makka, ni da 'yata 'yar shekara huɗu da wata Hajiya maƙwabciyarmu. A hannuna keji ne, na lulluɓe shi da tsohon mayafi. A ciki akwai tsirya, koriyar nan dangin aku mai dogon bindi, wadda maigidana ya sayo wa yarinyar a kasuwar tsuntsaye ta Jidda. Tunda tsuntsuwar ta shigo ɗakinmu yarinyar take tari, ƙirjinta yana ƙara kamar usur. Hajiya ta ce ai ba a tsare tsuntsun daji a cikin Harami, alhakinsa ne yake bin 'yata. Ni karatuna bai yi nisa ba, maganar ta hana ni sukuni. Da ta ji labarin wasu mata masu tattaki a duwatsun Hada, can wajen Harami, saboda tsuntsaye, sai ta ce mu bi su, mu saki tsiryar a can, a yi addu'a.

A wurin binciken takardu na yi ta salati, ko da yake iƙamata, takardar izinin zamana, lafiyarta ƙalau. Jami'in yana leƙowa cikin bas ɗin da muka shiga, tsiryar ta fara kukan waya, irin na wayar maigidana da ta haddace. Mata duk suka hau laluben jaka. Shi ma ya taɓa aljihunsa, sannan ya ce mu wuce.

Hanyar Hada kuwa, Allah Ya kiyaye. Kwana kan kwana, kunnena ya toshe, na riƙe yarinya da hannu ɗaya, keji da ɗaya, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Birai ne zaune a kan ƙarfen gefen titi kamar masu jiran mota. Da muka tsaya shan shayi na ji sanyin da ban taɓa sanin akwai shi kusa da Makka ba. Shayin ya fi na unguwarmu tsada sosai, ga kofin kamar murfin kwalba. Amma barshumi, 'ya'yan itacen nan mai ƙaya, yana da araha, kuma mai sayarwa ne yake fere maka da kansa.

Ni duk zatona ziyara za mu je, wani masallaci ko wani wuri mai tarihi. Sai na tarar da mata da takalman kambas da sanduna, ni kuwa silifas ne a ƙafata. Shugabar tafiyar Bahausa ce haihuwar nan, Hausarta rabi duk Larabci. Ta ce za mu bi tsohuwar hanyar duwatsu da mahajjata suke bi da raƙuma a da, ba hira, kowa da tasbihinsa. Ta ce kada a fito da guzuri, a ƙauye za mu sayi abinci, don idan mutanen wurin suna samun ciniki, samarinsu ba za su hau bishiya su kwashe 'ya'yan tsuntsaye su kai kasuwa ba. Na kasa haɗa zancen. Me ya haɗa cin abincina da tsuntsu?

Hajiya ta ce, “To 'yar nan, a ina za a tsaya a yi addu'ar?”

Shugabar ta ce, “Ya Hala, gwaggona, tafiyar ita ce addu'ar.”

Hajiya ta dube ni, na dube ta. Ba wadda ta ce mata ga abin da ke ƙarƙashin mayafi.

Muka kama hanya, yarinya a bayana. Duwatsun sun yi santsi don tsufa, silifas ɗina yana ta zamewa. Can muka gangara wani kwari mai gonakin rumman da ɓaure. Sai ga kuka a sama, garken tsiryoyi suka wuce, kore shar, da gudun da ban taɓa zaton suna da shi ba. Tamu ta hau dukan keji. Hajiya ta zungure ni: “Yanzu! Buɗe mata, ga 'yan uwanta nan!”

Na sauke yarinya, na yaye mayafi, na buɗe. 'Yata ta ƙwalla ƙara. Tsiryar ta fito, ta kaɗa fukafuki, sai ta faɗi ƙasa tim. Ashe tun a kasuwa an yanke mata gashin fiffike, mu ba mu sani ba. Tana ta tsalle a kan dutse, ga wani ƙaton biri ya sauko yana tahowa a hankali. Shugabar ce ta rugo, ta jefa gyalenta a kan tsuntsuwar, sauran mata suka kori birin da sanduna.

Shugabar ta juyo kaina: “Ya Ummu, haram alaiki! Wa ya ce ki yi haka?”

Na waiwaya, Hajiya ta duƙufa tana gyara carbinta.

Na faɗa wa shugabar komai, ina kuka. Ta ce tsuntsun da ya tashi a keji bai san neman abinci ba, sakinsa haka nan kisa ne. Zancen Harami kuma ta ce ita ba malama ba ce, in tambayi masu sani. Amma tari, ta ce in kai yarinyar mustashfa, wato asibiti, gobe-goben nan, don ƙurar gashin tsuntsu takan tayar wa wasu yara da ƙirji. Kaina ya ƙara ɗaurewa. Tsarewa laifi, saki laifi, to ina zan sa kaina?

A ƙauyen aka kai mu gidan wata tsohuwa mai sayar da zuma da ruwan wardi. Ta ba mu gurasar alkama mai zafi da man shanu da gahawa. A bayan gidanta akwai wani ɗaki mai faɗi na ragar waya, inda ake ajiye tsiryoyin da aka karɓo daga hannun mutane har gashinsu ya fito, su koyi tashi. Ta ce za ta karɓi tamu, sai dai ba za ta raba yarinya da abinta da ƙarfi ba. 'Yata ta rungume kejin ta ƙi saki. Ta daɗe tana kallon na ciki suna tashi daga wannan reshe zuwa wancan. Can ta ce, “Inna, ita ma za ta iya haka?” Na ce in sha Allahu. Da hannunta ta miƙa wa tsohuwar kejin, sannan ta juya ta cusa fuskarta a abayata.

Mun iso gida bayan la'asar, ƙafata duk ta yi bororo. Washegari na kai ta mustashfa, aka ba ta abin shaƙa, tarin ya yi sauƙi. Hajiya na cewa alhaki ne aka sauke, likita na cewa magani ne, ni dai har yanzu ban san wanne zan kama ba. Abin da na dawo da shi guda ne: tsoro ya kusa sa in kashe abin da na je ceto, don ban buɗe baki na yi tambaya ba.

Yarinyar ta yi kwanaki tana rigima. Babanta ya gaji ya ce ta yi shiru, ranar Juma'a zai sayo mata wata. Ta share majina ta ce, “Ni tawa tana nan, Baba. Makaranta ta tafi.”