Ajamin Baba a Jikin Sulalla

Gidan tarihin nan na gwamnati da ake kai 'yan makaranta su kalli tsofaffin kuɗi da lambobin yabo, wanda mu a Makka muke ce wa matahaf, a ɗaki ɗaya ya fara. Na sani domin mahaifina ne yake share ɗakin.

Ɗakin yana saman wani tsohon gidan dutse kusa da Harami. Mai gidan dattijo ne ɗan asalin gari, iyaye da kakanni sana'arsu saukar da alhazai. Mu Sidi muke ce masa, kamar yadda jikokinsa suke kiransa. Alhazan da suka sauka a gidan tun zamanin da sukan bar kuɗin ƙasashensu da ba su da amfani a nan, ana zubawa a wani akwati. Wasu kuma ajiya ce, guzirin komawa gida, masu shi suka fita Arfa ba su dawo ba. Sidi ya taso ya tarar da akwatin, abin ya shiga ransa, ya ƙare rayuwarsa yana ƙarawa a kai.

Baba ya zo aikin hajji yana saurayi daga wani ƙauye a ƙasar Kano, bai koma ba. Bai taɓa samun iƙama ba, wato takardar zama. Dakon kayan alhazai ya fara yi a gidan. Wata rana, in ji shi, ya tarar da Sidi yana juya wani ɗan farin kuɗi mai huji a tsakiya.

"Ya Sidi, ai wannan anini ne, na ƙasarmu. Da shi uwata take saya mana ƙuli."

Sidi ya ɗago ya dube shi, ya tura masa tire guda ya ce ya ware duk wanda ya sani. Daga ranar bai sake ɗaukar kaya a ka ba.

Aikinsa shi ne sharewa da gogewa. Sidi ya hana a sa wa kuɗi lemon tsami ko toka, sai burushi mai laushi da tsumma, na tagulla kuma a ɗiga musu man zaitun. Hannun Baba kullum ƙarnin tagulla yake yi, ko ya wanke da sabulu. Da aka fara rushe tsofaffin unguwanni, sai aikin ya ƙaru. Yakan fita da rariya da buhu ya bi bayan motocin rusau, ya tankaɗe ƙasar gidajen da ya san masu su. A nan ya samo dirhamomi a tulu, da lambar yabon wani sojan Turkawa, da fitilun dutse, da wata ɗamarar fata da aka ɗinke liyari, tsofaffin kuɗin azurfa, a cikinta. Ranar da ya samo ɗamarar bai ci abinci ba. Ya ce ɗinkin irin na dukawan ƙasarmu ne.

Sidi mutum ne mai magana, ba mai rubutu ba. Duk abin da ya faɗa game da wani kuɗi, Baba sai ya rubuta a bayan ɗan ambulan ɗin da ake saka shi. Da ajami yake rubutawa, wanda ya koya tun yana yaro, Hausa da haruffan Larabci: gidan da aka samo abu, ƙarƙashin wace matakala, wane ne ya kawo, me Sidi ya ce. Ba wanda ya sa shi. Ba kuma wanda ya taɓa karantawa.

Mu a unguwar Tandabawi muke, a ɗakuna biyu can saman tudu. Umma haifaffiyar Makka ce, tana da takardunta, ta dalilinta da ƙoƙarin yayanta, kawunmu, mu ma daga baya muka samu. Aurensu da Baba kuwa a masallacin unguwa aka ɗaura shi, bai taɓa shiga kotu ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana.

Ina makarantar sakandare Sidi ya rasu. Ba a daɗe ba aka sa wa gidansa jan fenti, alamar rusau ya iso. 'Ya'yansa suka yi shawara suka miƙa wa gwamnati duk abin da ke ɗakin, aka ce za a haɗa da na wasu garuruwa a yi babban gidan tarihi na ƙasa. Baba ne ya naɗe komai da hannunsa, ya jera a akwatuna, ya hau bayan mota ya raka su. A bakin ƙofar sabon ginin mai gadi ya nemi takardarsa. Direban ya yi masa ido, ya sauka kamar zai kama ruwa, ya bi ta lungu ya dawo gida da ƙafa. 'Ya'yan Sidi sun yi masa alheri gwargwado, sun ba shi alkyabbar mahaifinsu, amma aikin ya ƙare.

Ya koma sayar da asuwaki a gefen tashar motar Kudai. Shekaru suka shuɗe a haka. Ba ya maganar ɗakin, in wani ya ɗauko zancen sai ya tashi ya yi alwala.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar wani Balarabe da farar riga da jaka a hannu ya hawo matakalar unguwarmu yana tambayar gidanmu. Kafin ya iso ƙofofi sun rufe, maza sun haye rufi, domin a Tandabawi baƙo mai jaka ba ya zuwa da alheri. Baba ya shige bayan labule. Umma ta tsaya a bayan ƙofa.

"Ba ya nan," ta ce da Larabci. "Ya yi tafiya."

"Ya Khala, ni ba kame na zo ba. Daga matahaf nake." Ya turo wani ɗan ambulan ta ƙarƙashin ƙofa. "Haruffan namu ne, amma maganar ba tamu ba ce. Na kai wa masu Farisanci da masu Turkanci, ba wanda ya gane. Ɗan marigayi Sidi ne ya ce in nemi mai gidan nan."

Umma ta ɗauki ambulan ɗin ta rasa yadda za ta yi da shi. Sai ga Baba ya fito ya karɓa. Ya kai shi dab da idonsa, domin a lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya karanta a hankali: "Gidan mai burodi, cikin bango, shekarar da ruwa ya shiga kasuwa." Ya ɗago kai. Ya ce, "Hajiya, buɗe masa."

Mutumin shi ne jami'in da aka ɗora wa sashen tsofaffin kuɗi. Ustaz muke ce masa. Ya ce kuɗin da ba a san inda aka samo shi ba rabin tarihinsa ya mutu, kuma akwatuna suna nan jibge, ba mai iya cewa komai a kansu.

Haka muka fara aiki. Kowace Alhamis Ustaz yakan zo da hotunan kuɗi da na ambulan. Baba ya sa gilashin ƙara girma ya karanta, ya fassara, ni in rubuta da Larabci. Ranar farko Baba ya miƙo mini takarda ya ce in gwada. Na haɗa haruffan, bakina ya fitar da wani abu da ba Hausa ba, ba Larabci ba. Na yi dariya, shi bai yi ba.

"Uwata, laifina ne," ya ce. "Na koya wa ambulan, ban koya miki ba."

A watannin nan na san mahaifina fiye da duk shekarun baya. Kowace takarda da labarinta. Sai ya karanta layi ɗaya, sannan ya ce mai gidan nan makaho ne, yana da akuya, ko kuma matar da ta kawo wannan lamba ta sayar ne don ta yi wa mijinta likkafani. Ustaz yakan ce, "Rubuta wannan ma." Shayi ya huce ba wanda ya sha.

Sau ɗaya kawai Baba ya roƙi wani abu.

"Ustaz, ba hali in shiga in gan su? Ko ta ƙofar baya. So nake in ga ko ana ɗiga wa na tagullar mai."

Ustaz ya sunkuyar da kai. "Ya Ammi, kowace ƙofa sai da kati. Na rubuta takarda ina nema maka izini. Ka ƙara haƙuri."

"To, Allah ya kai mu."

Ba mu kai rabin akwatunan ba. Bayan aikin hajjin shekarar, da hantsi, wata maƙwabciyarmu mai sayar da abinci a Kudai ta shigo ko sallama babu, mayafinta a hannu. Ta ce an yi kame a tasha, matasa sun gudu, Baba bai ga motar ba sai da ta tsaya a gabansa. Ta kawo mana tiren asuwakinsa da takalminsa ƙafa ɗaya.

Aka kai shi gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu. Umma da yayanta, kawuna, suka yi ta zirga-zirga. Duk inda suka je tambaya ɗaya ce: ina takardar aure? Umma ta ce shaidun suna nan da rai, liman ma yana nan. Aka ce ba wannan ake nufi ba. Ustaz ya rubuta wasiƙa ya kai da kansa, aka karɓa aka buga hatimi, ba mu sake jin labarinta ba.

Sau ɗaya aka bar shi ya kira mu kafin tafiya. Ya gaisa da Umma, ya ce ta yafe masa. Da aka ba ni wayar sai na fashe da kuka.

"Uwata, daina kuka, saurara. Mun tsaya a akwatin tagulla. Inda na rubuta gidan hajiya, ba hajiya ɗaya ba ce, su biyu ne. In da ɗigo a ƙasa, ta kusa da rijiya ce. Kin riƙe?"

"Na riƙe, Baba."

"Ki kula da uwarki."

Aka ɗauki zanen yatsunsa, aka sa shi a jirgi. Ya sauka a ƙasar da ya bari tun gemunsa bai fito ba. A ƙauyen duk sa'o'insa sun mutu, sai ɗan ƙanensa, magidanci, wanda bai taɓa ganinsa ba, shi ya ba shi ɗaki a zaure. Mukan kira ta wayar ɗan ƙanen. Da farko yana ƙoƙari. Ya ce yara suna binsa suna kwaikwayon maganarsa, don rabin Hausarsa Larabci ne, sauran rabin kuma ta mutanen da ce. Ya ce tuwon ya yi masa nauyi, yana marmarin wake da burodin safe.

Mun gwada ci gaba da aikin. Ustaz ya tura hotuna, amma idon Baba ya gama rufewa. Aka kira wani malami a ƙauyen ya karanta masa. Malamin ya iya ajami sarai, sai dai rubutun Baba cike yake da sunayen lungunan Makka da gajerce-gajercen da shi kaɗai ya san su. Malam ya karanto, Baba ya ce ba haka ba ne, a sake. A karo na uku ya ce a ƙyale shi, kansa yana ciwo. Daga nan in na kira sai ya tambaye ni ko an yi kiran salla a wajenmu, ya ce in ɗaga wayar ta taga ya ji. 

Da damina ya rasu, bai cika shekara biyu a can ba. Duk rayuwarsa addu'arsa ɗaya ce, a binne shi a Makka. Umma ta yi takaba a ɗakin da ba gawa, ba makara, mutane suna shigowa suna gaisuwa suna fita.

Da aka buɗe gidan tarihin Ustaz ya aiko mini da kati. Na je ni kaɗai. Wuri ne mai sanyi da fitilu, kowane kuɗi a kan jan ƙyalle cikin gilashi. Na ga maganganun da na rubuta da hannuna an buga su a ƙananan alluna. Daga tsakiyar zauren zuwa ƙarshe kuwa, allunan duk abu ɗaya suke cewa: ba a san inda aka samo shi ba. A bakin ƙofa akwai hoton Sidi da godiya ga iyalansa. Ustaz ya same ni a wajen, ya ce ya so a sa sunan Baba, aka tambaye shi lambar katin Baba. Ban ga laifinsa ba. Ba shi ya yi mana ba. Bayan wani lokaci aka yi masa canjin wajen aiki, wanda ya gaje shi bai san ni ba.

Sai da na yi aure na haihu sannan na samu zuwa ƙauyen, ni da kawu. Shi ne zuwana na farko ƙasar Hausa. Ɗan ƙanen Baba ya karɓe mu da mutunci, ya yanka kaza, matansa suna ta kallon bakina in ina magana. Washegari ya kai mu maƙabarta a bayan gari. Mata ba sa shiga, na tsaya a bakin shingen ƙaya. Ina hango shi da kawu suna tafiya cikin ciyawa, suka tsaya, suka matsa gaba, suka dawo baya. Sun daɗe. Da suka fito kawu ya ƙi haɗa ido da ni.

"Ruwa ya baje wurin," in ji ɗan ƙanen. "Amma ɗaya ne cikin biyun can, kusa da tururuwar nan. Wallahi ɗaya ne cikinsu."

Na ɗaga hannu na yi wa duka biyun addu'a. Muka koma cikin gari kafin rana ta yi zafi, domin motar da za ta mayar da mu Kano sau ɗaya take tashi a yini.