Josiah da Dinyoyinsa na Tsinke

Mijina Josiah bai iya harbi ba. Gara in faɗa da bakina kafin wani a garinmu Waskaganish ya riga ni. Tun yana saurayi, ko dinya ta zo masa dab da hanci sai ya harbi gajimare. Yayyensa suka gaji da asarar harsashi, suka ce, "To kai sai ka riƙa ɗaukar kaya." Ya ɗauka kuwa, bai sauke ba har ya yi furfura.

Kayan su ne dinyoyin ƙarya, waɗanda ake jerawa a tafki don na sama su gani su sauko. Nasa ba na roba ba ne irin na kanti. Da tsinkayen itacen tamarak yake ɗaure su duk tsawon sanyi, ɗaki ya cika da ƙamshi da shara, ina shara ina mita. In farauta ta matso, tun ƙanƙarar kogi na da ƙarfi, sai ya shimfiɗa ganye a amalanken ƙanƙara, ya kwantar da su wuya a kan wuya, ya ɗaura a bayan babur ɗin ƙanƙara. Ni da tukwane da buhun fulawa sai mu raba gurbin da ya rage.

"Tsoho, wai ni ka aura ko su?"

"Su ba sa surutu a hanya," in ji shi.

In an gama farauta ya hau da su rumbun da ya kafa a kan dogayen dirkoki, inda ruwa da namun daji ba sa kaiwa, ya lulluɓe da tamfol. Dokarsa ɗaya ce, daga mahaifinsa ya gaje ta: kada dinya mai rai ta ga mutum riƙe da ta ƙarya, kada kuma a tafi a bar na ƙarya a ruwa. Dinya na da wayo, tana kuma da baki. In ta gane an yaudare ta, sai ta gaya wa 'yan'uwanta, tafkin ya mutu. Akwai tafkin da ya mutu haka arewa da mu, har yau ta kansa suke bi su wuce. Namu kuwa shi ke ciyar da mu da 'ya'yanmu da jikoki.

Wata shekara zafi ya zo da wuri. Muna sansani ina fiɗar dinya, sai oba-oba ta ɗauki kuwwa: ƙanƙara ta toshe bakin kogi, ruwa na komowa baya, jirgi mai saukar ungulu na zuwa kwasar mutane. Maza suka baro tafki a guje don tattara yara, suka bar komai a ruwa. Josiah ya jawo amalanke.

Ɗanmu Ernest ya tare shi. "Haba Baba! Tsinke ne fa. Ka ɗaura wasu baɗi."

"Tsinken ne ya dame ni? Ku shiga, a dawo mana a sawun ƙarshe."

"Mana?" na ce. "Kai da wa?"

Bai ko waiwayo ba. Na ɗauki butar shayi na bi shi, ina surfa masa duk abin da ya zo bakina. Babur ba ya shiga, dusar ƙanƙara ta zama kunu, don haka igiya ya sa a ƙirji yana ja. Da muka isa, ruwa ya riga ya kai ƙwauri. Na shige bukkar ɓuya ta mafarauta, shi kuma ya shiga tsince su ɗaya bayan ɗaya. Yana tsakiyar tafki, ya ɗora ta ƙarshe ke nan, sai muka ji su, dinyoyin gaske.

Da fari kamar haushin karnuka daga wani gari mai nisa. Sai kudu ta yi baƙi. Ni da na tsufa ina fiɗar dinya, wallahi ban taɓa ganin irin wannan ba. Layi a kan layi, ba ka ganin ƙarshensu, kukansu har cikin haƙorana nake jin sa. Ga Josiah tsaye a fili da amalanke cike da ƙarya, ba inda zai gudu.

Ya warware farin tamfol ya rufe kayan, ya kwanta a gefensu cikin ruwan nan mai ƙanƙara, ya ja sauran ya rufe kansa. Iska na fizgar bakin tamfol ɗin, sai na ga hannunsa ya fito ya danne shi ƙarƙashin ruwa.

Suka sauko. Iskar fikafikansu ta doki fuskata, ruwa ya yi ta tartsatsi, tafki ya cika har ba ka ganin ruwan. Suna ci, suna wanka, suna faɗa a tsakaninsu, wata ma ta hau kan tamfol ɗin ta tsaya tana gyara gashi, a kan bayan mijina! Tsoro ya kama ni, ba na ruwa kaɗai ba. Ji na yi mun shigo inda ba a gayyace mu ba. Ihu ɗaya zan yi su tashi, na sani sarai. Bakin nan nawa da ba ya rufuwa, ranar ya ƙi buɗuwa. Ruwa ya haura takalmina ya shiga ciki, ina kallon inda hannun yake ina hawaye.

Ban san iya daɗewarsu ba. Can wata babba ta miƙe wuya ta yi kira, suka tashi gaba ɗaya, har bukkar ta girgiza. Sai da kukansu ya ɓace a arewa tamfol ya motsa.

Nan bakina ya dawo. "Mahaukacin tsoho! So kake ka bar ni da takaba saboda tsintsiya?"

Haƙoransa na kaɗawa ya ce, "Sun gani?"

"Ba su gani ba."

"To kama igiya."

Tare muka ja har rumbu. Ni na hau, ni na jera, ni na ɗaure, don yatsunsa sun yi fari fat kamar kyandir, ba sa lanƙwasuwa. Yana ƙasa yana rawar ɗari yana cewa ƙullina bai yi ba. A haka jirgi ya same mu.

A asibiti suka cire masa yatsu uku na hannun dama. Likitar, wata yarinya mai kirki, ta tambaye shi me ya hana shi tashi.

Ya dube ta da mamaki. "'Yata, ai abinci suke ci."

Da shekara ta zagayo, Ernest ne ya ja amalanke. Josiah na zaune a tanti kusa da murhu, ya kasa kunne tun safe, ko shayi ya ƙi sha. Da hantsi muka ji bindiga daga tafki, sai wata, sai wata. Dinya ta sauko, tafkinmu bai mutu ba. Ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da abin da ya rage na hannunsa, ni kuma na fita ɗebo itacen da ba na buƙata.